Alluna Bakwai, Suna Ɗaya

Zuwa ga 'yata Jan Biro,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da maigidanki da 'yan biyunki. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar Innarki da ke kumbura in ta daɗe a tsaye, sai kuma kunnena da kika sani. Likita ya ce injin tsaga katako ya gama da na hagu, na daman ma ya kama hanya. Shi ya sa ban kira ki a waya ba. Ke ki yi ta ihu, ni in yi ta "na'am?", kati ya ƙare ba a ce komai ba. Direban da ke kawo mana katako ya ce ta ƙofar gidan jaridarku yake wucewa, shi ne na ba shi wannan.

Na san rabonmu da haɗuwa tun rasuwar mahaifiyarki. Zumuncina da ita irin wanda sai an zauna an lissafo kakanni ne, amma ba ta taɓa kirana da komai ba sai Yaya, don haka ke ba ki da yadda za ki yi da ni.

Ga abin da ya sa na ɗauki biro. Hukumar haraji ta aiko min da takarda, ga kwafinta nan a ciki. Ba irin wadda suka saba aikowa ba ce. Sun ce katakon da nake saya a wajen dila ya fi ƙarfin shago ɗaya, kuma sun ga sunana a kan shaguna bakwai a cikin gari. Suna so in je in yi musu bayani a kan rassana. Ni kuwa ba ni da reshe ko ɗaya.

Akawun da ke zuwa min ƙarshen wata ya karanta, ya ce ba komai ba ne, zai rubuta musu amsa. Amma na lura bai sha shayin da aka kawo masa ba, shi kuwa ba ya barin shayi.

Ke aikinki ke nan, karanta abin da wasu suka rubuta ki gano inda ya karkace. Ki bi min takardar nan da jan biron naki. Fushi suke yi, ko tambaya ce kawai?

Kawunki,
Mai Awo

*

Kawu,

Na amsa gaisuwa. Muna lafiya. 'Yan biyu sun fara haƙori a lokaci guda, don haka a gidan nan ba mai barci sai maigidan. Inna ta riƙa ɗora ƙafar a kan matashi, ta kuma rage tsayuwar guga.

Na karanta takardar. Babu fushi a cikinta, amma ta wuce tambaya. Mai tambaya cewa zai yi "ko kana da rassa?" Su kuwa "rassanka" suka ce. Sun riga sun yanke wani abu a ransu, jira kawai suke ka tabbatar musu.

Kafin in ce komai, ni ma ina da tambayoyi, don abin ya ɗaure min kai har na kasa mayar da hankali kan shafin wasanni da aka ba ni in gyara. Shagunan nan bakwai na su waye? In ba naka ba ne, me sunanka yake yi a ƙofarsu? Wa ya rubuta allunan? Katakon da ya yi yawa, ina yake nufa bayan ya sauka daga mota? In sun yi ciniki, ana kawo maka wani abu?

Ka amsa min ɗaya bayan ɗaya, Kawu, ba irin amsarka da ke farawa daga shekarar da aka yi ambaliya ba. Ka ce wa Akawu ya dakata da tasa amsar tukuna.

'Yarka,
Jan Biro

*

'Yata,

Gaisuwa. A shafa min kan masu haƙori. Innarki ta ce in gaya miki guga ba ta yin kanta.

Tunda kin hana ni ambaliya, ga amsa a tsaye.

Shagunan na yarana ne, waɗanda na koya wa aiki. Yara nake ce musu, amma babbansu, Bahago, ya aurar da 'ya bara. Duk wanda na yaye, abu uku nake ba shi: zarto, guduma, da allo. Allon da hannuna nake sassaƙa shi, in rubuta abin da ke kan nawa, MAI AWO DA 'YA'YANSA. Sabon kafinta ba wanda zai ba shi aikin gado ko kabad, amma in mutum ya ga sunan da ya sani, sai ya shiga. Ni ban samu wanda ya yi min haka ba. Na daɗe ina gyaran ƙafar benci kafin wani ya yarda ya ba ni ƙofa.

Katako kuwa, dila yana min rangwame saboda daɗewa, kuma ni yake bari in fara zaɓa. In yaro ya je da kansa, ɗanye za a ɗora masa, wanda zai lanƙwashe bayan an kai wa mai shi. Don haka kowa yana gaya min abin da yake so, in saya da sunana, mota ta sauke a sitona, kowa ya zo da amalanke ya kwashi nasa, ya ba ni abin da dila ya ce. Ban taɓa ɗora komai a kai ba. Rasit? Tsakanina da wanda na koya wa riƙe guduma? Da alli nake rubutawa a jikin ƙofar sito, in ya biya in goge da hannun riga.

Cinikinsu nasu ne. Abin da ake kawo min kawai shi ne jariri, in an haihu, in gani.

Yanzu ga abin da ban gaya wa Akawu ba. A iya sanina, babu ɗayansu da ya taɓa yin rajista da hukumar nan. In na je na faɗi gaskiya, na fita, amma na miƙa gida bakwai da hannuna. In na yi shiru, shagona ne a gaba. Ki gaya min, a jaridarku akwai shafin da ke koyar da yadda mutum zai bi ta tsakiya?

Kawunki,
Mai Awo

*

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Muna lafiya, haƙora sun fito, an samu barci.

Na karanta wasiƙarka sau biyu, na farko don amsar, na biyu don allon. Ban san haka kake yi ba, kuma na daɗe ban ji abin da ya burge ni kamarsa ba. Amma burgewa ba ta warware matsalar.

Muna da wakili da ke bin kotu, ya tsufa a kan bencinta. Na ba shi labarin ba tare da na ce na waye ba, na tambaye shi abin da ni ma ban sani ba: yaushe ne akawu yake isa, yaushe kuma ake neman lauya? Ya ce akawu mai lissafi ne. In an yi kuskuren tarawa, ko an makara wajen kai takardu, shi ya dace, ba sai an ɓata kuɗi ba. Amma ranar da maganar ta tashi daga "nawa ne?" ta koma "me ka ɓoye?", aiki ya bar hannunsa. Balle a ce an kira ka ka zo da kanka a yi maka tambayoyi, kuma amsarka za ta shafi wasu mutane.

Na ce masa me ya sa ba za a bar akawun ya yi magana ba, tunda ya fi kowa sanin shagon? Ya yi dariya. Ya ce akawun nan shi ya cike takardun shekarun baya, shi ma wuyansa yana ciki, don haka in ya rubuta amsa, kansa zai fara karewa. Kuma abin da ka gaya wa akawu ana iya sa shi ya maimaita a gaban hukuma. Abin da ka gaya wa lauyanka kuwa sirri ne tsakaninku. Ka ga kana bukatar ɗaki ɗaya da za ka faɗi maganar yaranka gaba ɗaya ba tare da ta fita ba, kafin ka san abin yi.

Ya ƙara da cewa ba kowane lauya ba, wanda haraji ne aikinsa. Wanda ya yi maka takardar fili ba zai san ƙofofin wancan ofishi ba.

Ya ce a idon doka, abin da ke rubuce a yanzu kamannin mai ɓoye dukiya ne. Don haka ka nemi lauya, Kawu, kuma kada ka taka ofishin nan kai kaɗai.

'Yarka,
Jan Biro

*

Kawu,

Lafiya kuwa? Direba ya wuce sau biyu hannu rabbana. Na tare shi a bakin ƙofa, ya ce ya gan ka a shago kana goge tebur, lafiyarka ƙalau, ka karɓi wasiƙata ka sa a aljihu.

Na koma na duba kwafin takardar hukumar. Ranar da suka sa maka ta wuce. Ka je? Ka samu lauyan? Ko layi ɗaya ne ka aiko min. In na faɗi abin da bai dace ba, ka nuna min wurin, ni ma ana bin rubutuna da jan biro.

A gaida Inna.

Jan Biro

*

'Yata,

Gaisuwa. Muna lafiya. Gwiwar ta sassauta.

Wurin da kike tambaya shi ne "kamannin mai ɓoye dukiya". Na san yanzu ba ke kika faɗa ba, amma a ranar haka ya shige ni. Na ce wato 'yar ƙanwata ta zauna da wani tsoho sun auna ni, sun ga ɓarawo. A sanina lauya na wanda aka kama ne. Ni da ban taɓa rage wa mutum inci ɗaya a katakonsa ba, in ɗauki lauya in tafi da shi kamar mai laifi?

Saboda haka na sa rigata mai kyau na tafi ni kaɗai.

Ofishin bene ne, an jera bencuna a baranda. Wanda ya haɗa su bai san gam ba, ƙusa kawai ya yi ta zubawa, na zauna ina jin kunya a madadinsa. Jami'in da ya kira ni mutum ne mai ladabi. Da ya gane kunnena, ya zagayo ya zauna ta damana, ya sa aka kawo min ruwa. Ya baje hotunan shagunan a kan tebur, allunana bakwai, duk a miƙe, ko ɗaya bai karkace ba. Ya ce, "Baba, waɗannan naka ne, ko na wasu ne? In na wasu ne, ka ba mu sunayensu, shi ke nan."

Na ji tambayar sarai, kada ki ce kunne ne. Na kalli hoton shagon Tsinke, wanda na yaye a ƙarshe, ga keken 'yarsa a jingine a bakin ƙofa. Na ce, "Nawa ne, duka." Ya rubuta, ya karanta min, na sa hannu. Na ɗauka tara za su ci ni, in biya a hankali, magana ta mutu.

Jiya wata takardar ta zo. Sun lissafa min harajin shaguna takwas na shekarun baya, da tara a kai, da wata kalma da ban so ba, "da gangan". Abin da suka rubuta ko na sayar da injinan duka ba zai kai ba. Sun ba da wa'adi: ko in biya, ko in shigar da ƙorafi, in ba haka ba za su sa wa shago kwaɗo.

Na aika a kira Akawu, aka ce ba ya jin daɗi.

 Innarki ta ɗauko wasiƙarki daga aljihun rigata, ta goge ta da dutsen guga don ta miƙe, ta ajiye min a kan matashi.

Kawunki,
Mai Awo

*

Kawu,

Na gode da ka rubuto. Muna lafiya.

Wancan layin kuskurena ne. Na kwafo maganar ɗan jarida na aika wa kawuna ba tare da na rage mata kaifi ba. Ka yafe ni. Ba zan ce maka "da ka ji" ba, don na san abin da ya sa ka sa hannun.

Amma ka lura da abin da ya canja. Da, takarda ce ta yi maka kama da mai ɓoyewa, alhali ba ka ɓoye komai ba. Yanzu akwai magana guda da ba gaskiya ba, kuma sa hannunka yana ƙarƙashinta. Wakilinmu ya ce irin wannan ba a gyara shi da wasiƙar akawu, ba a kuma gyara shi da komawa a ba jami'i haƙuri a baranda. Ya ce wa'adin nan shi ne abin tsoro, don in ya wuce, ko gaskiyarka ta kai ina, ƙofa ta rufe.

Ya ba ni adireshin wata lauya a garinku, ga shi a bayan takardar nan. Da a hukumar take aiki kafin ta buɗe ofishinta. Ka je gobe, ba jibi ba. Ka tafi da takardun biyu da duk rasit ɗin dila. Ka tambaye ta kuɗin aikinta tun farko, ta rubuta maka. Ka gaya mata komai, har abin da ka faɗa wa jami'in da dalilin faɗarsa. In ka rage mata inci ɗaya, aikin ba zai zauna ba, kai ka fi ni sanin wannan.

Akwai abin da nake ta juyawa a raina. A wasiƙunka duka ka gaya min abin da Akawu ya ce, da jami'i, har da abin da Inna ba ta ce ba. Ban ji abin da yaran suka ce ba. Sun san da maganar kuwa?

'Yarka,
Jan Biro

*

'Yata,

Gaisuwa. Lafiya lau.

Na je. Ofishin ɗaki biyu ne a saman wani kantin magani, teburinta na roba, na kau da kai. Mace ce gajera, ba ta kai ki ba, tana magana a hankali tana kallon fuskar mutum, har na fi jin ta a kan masu ihu. Ta bar ni na fara daga ambaliya. Ba ta katse ni ba sai da na zo kan alli da hannun riga, nan ta ajiye biro ta rufe ido na ɗan lokaci.

Ta ce, "Baba, kafin komai, wa nake yi wa aiki?"

Na ce, "Ni da yarana."

Ta ce, "A'a. Kai kaɗai. Abin da zai fitar da kai yana iya taɓa su, ba zan iya riƙe ku duka ba. Su zan ba su sunan wani lauya."

Na ce to ai ni don su na zo. Ta ce ta sani, shi ya sa aka kai ni inda nake.

A ranar ta shigar da ƙorafin, ta ce ya dakatar da maganar kwaɗo har a saurare mu. Washegari ta zo shago da takalmi mai tsini, ta bi ta cikin dusar katako, ta ƙirga ma'aikatana, ta karɓi takardun kuɗin wuta, ta tambayi awa nawa injin yake iya yi kafin ya yi zafi. Wai tana so ta nuna cewa shago ɗaya ba zai ci wannan katakon ba, kuma ni ban ci ribarsa ba. Ta ɗauki hoton ƙofar sito, inda alli ya bar fari-fari.

Sannan ta gaya min abu uku. Maganar da na yi wa jami'i dole mu janye ta da kanmu kafin su gano, don wanda ya fara faɗa da wanda aka kama ba hukuncinsu ɗaya ba. Allunan dole su sauko. Na uku, ba abin da zai wanke ni sosai sai yaran su rubuta bayanin rantsuwa cewa shagunan nasu ne, kuma katakon nasu ne. Ta ce in sun je da ƙafarsu sun yi rajista kafin a neme su, yawanci ana sassauta musu, amma ba za ta yi min alkawari ba.

Kin tambaya ko sun sani. Ba su sani ba. Ubangida ba ya zuwa ƙofar yaronsa da bukata. Na ce mata na yarda da biyu, ban da na uku. Ta ce shagona ne, zaɓi nawa ne, amma in sani cewa da biyu kawai tana iya rage min nauyi, ba ta iya tabbatar min da ƙofa a buɗe.

Jibi zan ɗauki tsani in fara sauke allunan. Zan ce musu fenti zan sake.

Kawunki,
Mai Awo

*

Kawu,

Muna lafiya. Ga direba yana jira, a tsaye nake rubutu.

Ba zan ce ka roƙe su ba. Amma mutanen da ka koya wa gane ɗanyen katako daga nesa, kana ganin za su yarda da maganar fenti? Ina so in ji yadda Bahago zai yi da fuskarsa. Ka rubuto min komai, har ambaliyar na yarda.

Kuma ka bari wani ya riƙe maka tsani.

Jan Biro

*

'Yata Jan Biro,

Gaisuwa mai yawa. Ki yi haƙuri da jinkiri, motar direba ce ta kwana biyu a gareji, ni ma kuma ban samu zama ba. Muna lafiya. Innarki ta hau bene da ƙafarta ranar sauraro, za ki ji.

Da shagon Bahago na fara. Na jingina tsani, na hau da guduma. Ya fito da fensir a kunne, ya riƙe tsanin da hannunsa na hagu, ya ɗaga murya yadda zan ji.

"Baba, me kake nema a sama da shekarun nan naka?"

Na ce fenti zan sake.

Ya ce, "Fentin da aka yi bara? Sauko."

Shekara nawa ina ce masa sauko, hau, miƙo, ajiye. Ranar nan shi ya ce, na kuwa sauko. Ya zaunar da ni a kan kujerar wani da bai gama ba, ya tsare ni da ido, na gaya masa. Da na zo inda na sa hannu, ya riƙe kai. Sai ya shiga ciki ya jawo durowa, ya fito da takarda a cikin leda. Rajista ce da hukumar haraji, ta shagonsa, ta shekara huɗu. Wata makaranta ce ta ba shi aikin tebura, ta ce sai da ita.

Na ce, "To don me ka bar allona a ƙofarka?"

Ya ce, "Wa zai cire? Kai ka sassaƙa. Kullum ka wuce sai ka ɗaga kai ka duba ko ya karkace. Mun sha zama a kan maganar nan, Baba, kowa ya ce wane ya fara."

Kin ji. Ni ina riƙe da su kada su faɗi, su suna riƙe da allo kada raina ya ɓaci.

Shi ya tara sauran a sitona bayan an tashi aiki. Ashe biyu ne masu rajista. Huɗu suka yi ta gunaguni, ɗaya har ya ce ni na ja musu da yawan sayen katako, Bahago ya tambaye shi katakon wa. A ƙarshe suka je wajen lauyan da aka ba su, suka kai kansu. An ci su tara, ba kaɗan ba, amma ba wanda aka rufe wa shago.

Tsinke bai zo ba. Da safe aka ga shagonsa a kulle, maƙwabta suka ce ya kwashe iyali ya tafi garin surukansa. Na je da tsani, na tarar da ramukan ƙusa huɗu a bango. Ya tafi da allon.

Ranar sauraro lauya ta ce in amsa abin da aka tambaye ni kawai, in rufe baki. Ban taɓa yin aiki mai wuya irin wannan ba. Innarki ta zauna a bayana, in na ja numfashi zan ƙara bayani sai in ji yatsanta a kafaɗata. Lauya ta janye maganata ta farko, ta faɗi dalilin yin ta ba tare da ta yi mata ado ba, ta ajiye bayanai shida a kan tebur. Jami'in nan mai ladabi ya daɗe yana kallon hoton ƙofar sito.

Sun cire shaguna shida daga kaina, sun cire "da gangan". Sun ci ni tarar abin da na sa wa hannu, kuma katakon Tsinke ya zauna a wuyana tunda ba mai rantsuwa a kansa. Na sayar da ƙaramin injin, sauran zan biya kashi-kashi. Lauya ta ce da na zo mata kafin in hau benen nan, da injin yana nan. Ban yi musu ba. Yau da safe ni na buɗe shago da makullina.

Yanzu ga aikin da zan ba ki. Da na karanta bayanan rantsuwar, na kasa gane na waye da na waye. Ashe Bahago yana da suna, dogo ma, har da na kakansa. Na shekara ashirin ina ciyar da mutum ina zaginsa a kan awo, ban taɓa tambaya ba. Na yanka alluna sababbi daga busasshen katakon da na ɓoye wa kaina, kowa zan sassaƙa masa sunansa. Ga sunayen a wata takarda. Ki bi su da jan biro harafi-harafi, ki ba direba ya dawo min da su, don in kurfin sassaƙa ya shiga katako ba a gogewa da hannun riga.

Za ki ga bakwai ne. Na ƙarshen, na Tsinke, a wajen Bahago na samo. Ki duba shi kamar sauran. Zan sassaƙa in jingine a bayan ƙofar sito, inda rana ba ta kaiwa.

Kawunki,
Mai Awo